Kabewar da Ba Ta da Idanu

Ranar Halowin, bikin dodanni da fatalwa na shekara-shekara, tun da yamma nake zaune da kakata Loretta muna yanka siffar kabewa mai fuska da almakashi daga takarda mai launin ruwan lemo, muna liƙawa a tagogi da gam. Tun da na gama jami'a na dawo ƙauyenmu na jihar Ohio, kula da ita ne aikina, kuma gajiyar ta kai mini har ƙashi.

"Wendell, mai digiri, wannan ba ka huda mata idanu ba," in ji ta.

"Kaka, takarda ce fa. Me za ta kalla?"

"Wadda aka hana idanu takan fita neman na wani. Ni dai nawa sun tsufa, ba mai so."

Na yi dariyar dole, na liƙa ta haka nan. Da yara masu bin gida-gida karɓar alewar bikin suka ɗauke ƙafa, na kashe fitilar ƙofa, alamar mun rufe ke nan. Duk da haka aka ƙwanƙwasa.

Wani dogon mutum ne, kansa a sunkuye. Ban ji takunsa a kan busassun ganye ba, sai warin gam da ya cika mini hanci.

"Alewa ta ƙare, malam," na ce.

"Ba ita na zo nema ba." Muryarsa kamar ana murza takarda. "Tsaya daidai, Wendell. Ba na ganinka."

Na waiga tagar. Gurbin kabewar nan fayau yake, gam ɗin bai ko bushe ba. Sai na ji ƙarar almakashina a hannunsa.