Kaset ɗin Malam Muhtari

"Ni a gidana magana ɗaya nake yi, Hajiya," in ji Malam Muhtari yana zaune a gaban mahaifiyarsa. "Hannun nan tun da aka haife shi bai san muciya ba."

Yana faɗa yana jan hannun riga, don ya rufe ƙunar da tuwo ya yi masa jiya.

Hajiya Iyatu ta ce, "To ga tawa maganar ɗaya. Ranar da akushina ya zo ba da tuwon matarka a ciki ba, ranar za ta zaɓa, ko asibiti ko aurenka."

Matar tasa Salima ita kaɗai ce likita mace a asibitin da take aiki a Ƙaura. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, magidanta daga Zurmi, Shinkafi da Sakajiki suke kwaso matansu, kowa na cewa sai mace za ta duba masa iyali. Da an sallame asuba Muhtari yake kai ta a babur ɗinsa, ta wuni tsakanin ɗakin haihuwa da tiyata, ta dawo ƙafafu a kumbure. Ya ga layin matan nan da idonsa, ba zai iya ce mata ta bari ba. Hajiya kuwa ba a yi mata musu. Sai ya koma kullum bayan la'asar ya sa sakata, ya tuɓe rawani, ya tuƙa tuwo, ya kai wa Hajiya da sunan Salima.

"Malam, ƙaryar nan tana cina," Salima ta ce masa wata rana tana hawaye. "Bari in je in durƙusa in faɗa mata."

"Ki faɗa mata mi? Haƙuri dai, Dakta."

Ana haka kwamitin wa'azi ya ɗora masa ɗaukar nasiha a kaset, wadda motar lasifika za ta saka ranar kasuwa. Lokaci babu, sai ya aje rikoda kusa da murhu, ya yi ta zuba wa'azi kan tsare gida da girkin mata, irin wanda zai yi wa Hajiya daɗi. Yana kaiwa sallama ruwa ya tafasa ya fara zuba. Ya zabura, ya manta bai danne madannin tsayarwa ba.

Ranar kasuwa Mudi direba ya tsayar da motar a tsakiyar 'yan hatsi, ya saka kaset, ya kulle ƙofa, ya tafi neman fura. Hajiya ta zo da ƙawayenta jin ɗanta. Muhtari na tsaye a gefe yana karɓar gaisuwa.

"Wassalamu alaikum," lasifika ta ce. Jama'a suka fara motsawa. Sai aka ji muciya na dukan tukunya, da muryar Malam: "Wash, tuwon nan bai da imani."

Muhtari ya ruga ya ja ƙofar mota. A kulle. Ya zaga ɗaya gefen, nan ma a kulle.

Muryar Salima ta fito, a gajiye: "Motar asibiti ce ta aje ni in sake kaya, akwai imajansi, yanzu zan koma. Kawo in ƙarasa maka."

"Zauna, Dakta. Tiyata uku tun safe, ko ruwa ba ki sha ba. Miƙe ƙafarki. Hajiya ba za ta gane ba."

Kasuwa ta kece da dariya. Wani mai awo har da faɗowa daga kan buhu. Sai wani dattijo ya ɗaga sanda ya ce, "Ku yi dariyarku. Daga Sakajiki na kawo ɗiyata, kwana biyu tana naƙuda, likitan nan ta tsaya kanta har Allah Ya raba su lafiya. Ashe da yunwa ta yi."

Sai Hajiya ta ƙaraso ta ɗaga hannun rigar ɗanta, kowa ya ga ƙunar.

"Shi ya sa gudaji," ta ce. "Wata biyu ina haɗiyarsu, ina zagin ɗiyar mutane a zuci. Ta ci gaba da aikinta. Daga yau tuwo daga gidana zai riƙa zuwa muku."

Haka haƙurin Salima ya biya ta. Taimakon iyali ba abin kunya ba ne, abin kunyar shi ne mutum ya yi alheri a ɗaka ya fito kasuwa yana wa'azin kishiyarsa.

Muhtari ya gyara murya zai yi wa jama'a bayani, amma Mudi bai dawo ba, kaset kuma bai ƙare ba. Lasifika ta riga shi: "Dakta, kafin ki fita, ina kika ɓoye min daddawa?"