Kuɓewar Ammi Hattab

Da hantsi Ammi Hattab, wato Baffa Hattab a yaren garinmu, ya shigo caji ofis ɗin garinmu yana dogara sanda, ya ce ƙarar ɓarawo ya kawo.

Insifekta Munsif na zaune da kofin gahawa da ya riga ya huce. Mutum ne da aikin ɗan sanda ya cinye masa ƙuruciya ya bar shi da ciwon baya, yanzu ba abin da yake jira sai ritaya. Ko ɗagowa sosai bai yi ba.

"Me aka sace, Ammi?"

"Kuɓewata. Ana bi ana tuge min ita a lambu. Jiya na shafa na ji rami, yau ma na ji wani."

"Kuɓewa," in ji Insifekta, ya lumshe ido. "Ammi, mota sukutum aka sace a garin nan, har yau ban gano ta ba."

"Mai motar ya zo ya yi nasa kukan. Ni nawa na kawo."

To mu nan, da zarar sanyi ya ja baya, hankalin kowa sai ya koma kan shuka. Mai fili ya hau kaftu, marar fili ya jera gwangwanaye a saman bene, kuma a kan tumatir ɗin wa ya riga nuna sai maƙwabta su daina gaisawa. Insifekta ya san in bai je ba, tsohon nan a kan bencinsa zai wuni. Ya kira Kofur Rida suka bi shi.

Lambun na bayan gidan tsohon, wata guntuwar katanga ce ta raba shi da maƙwabta. Ammi Hattab ya wuce albasa da karas, ya kai su can ƙurya, ya nuna da sanda.

"Ga ta nan. Don Allah kun taɓa ganin kuɓewa mai saurin girma haka?"

Kofur Rida ya dubi shukar, ya dubi Insifekta. Tabar wiwi ce, layi guda, har ta kai gwiwa.

Insifekta ya ji wata irin gajiya ta sauko masa a wuya. Da shi kaɗai ne, wallahi da ya tuge abin ya watsa a kwata ya koma ga gahawarsa. Amma tuni kawunan maƙwabta sun cika katanga, wani har ya ce, "La ilaha illallahu, Ammi Hattab!"

"Ammi, wa ya shuka wannan?"

"Ni mana. Wa zai shuka min?"

"Da hannunka?"

"A gidanku da ƙafa ake shuka?"

"Ka san ko mece ce?"

"Kai yaro, ina noman kuɓewa tun kana yawo ba wando."

Haka aka sa shi a mota a gaban unguwa, yana ta tambaya ko ɓarawon aka gano.

Shugaban ofis kuwa har da murmushi. "Lambunsa ne, kuma da bakinsa ya amsa a gaban shaidu. Me ya rage? Gobe da safe a miƙa shi ga mai gabatar da ƙara."

Insifekta ya san hukuncin mai noman wiwi ba na wasa ba ne, ya kuma san wannan tsohon in ya shiga gidan yari, gawarsa za a fito da ita.

Ya sa aka kawo shi ɗakin tambaya. Sai a lokacin tsohon ya yarda cewa ba kuɓewa ba ce, amma yana nan kan bakansa, shi ya shuka.

"Bari in kawo maka shayi," in ji Insifekta.

Ya dawo da kofin, ya ɗora shi a hankali kan wani tsumma a gaban tsohon, ba ƙara ko kaɗan. Ya koma ya zauna. Tururi na tashi daidai ƙirjin Ammi Hattab, shi kuwa yana kallon bango.

Can ya ce, "Shayin naku sai an je Sin an tsinko ganyen ne?"

"Yana gabanka, Ammi."

Hannun tsohon ya fita yana lalube.

"Tun yaushe?" in ji Insifekta a hankali.

"Tun damina ta bara. Yana ce ta rufe min idanu. Haske da duhu kawai nake rabewa." Ya juyo wajen muryar Insifekta. "Don girman Allah kar Salwa ta ji."

"Wace ce Salwa?"

"'Yata. Tana babban birni, can saman wani dogon bene. Tun rasuwar uwarta take neman dalilin da za ta kwashe ni. Wurin da mutum zai yi sati bai taka ƙasa ba! In ta ji ban gani, shi ke nan, ni da lambuna sai a mafarki."

"To wa ya yi maka dashen?"

"Wani ɗan albarka. Ya rufa min asiri bai taɓa faɗa wa kowa ba. A kasuwa aka cuce shi da mugun iri, na tabbata. Ba zan saka masa da zaryar caji ofis ba."

"Ammi, gidan yari fa ake magana."

"Na ji ka. Kunnena ƙalau yake."

Insifekta ya yi tsaki, ba don tsohon ba, don duniya. Ya ɗauki hularsa.

Bayan azahar ya koma lambun. Kofur Rida ya riga ya caje gidan, ɗakuna biyu ne da ƙwan lantarki ɗaya da ƙuda ya ɓata, ba komai. Insifekta ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya duba ganyen. Na sama duk sun yi fari sun ƙone. Ya kama guda ya ja, ta fito salin-alin. Saiwar a dunƙule take, da siffar robar yogot, a cikin wata baƙar ƙasa mai laushi. Ƙasar lambun kuwa ja ce.

"Wannan ba ta san rana ba," ya ce da Kofur. "A ɗaki ta girma, a ƙarƙashin fitila. Kwanan nan aka fito da ita."

"Sannunku da aiki, hukuma!"

Wata dattijuwa ce ta leƙo ta katanga, Halti Mabruka, wato Gwaggo Mabruka, maƙwabciyar tsohon, wadda duk unguwa ta san bakinta ba ya hutawa. Mijinta ya rasu, ita da ɗanta Nizar suke zaune.

"Oh ni, Hattab! Mutum da furfurarsa! Ni dai ban ga komai ba, ban ji komai ba."

Insifekta ya matsa kusa da katangar, sai idonsa ya faɗa tsakar gidanta. Tumatir ne a jere, kore shar, sun yi fure, wasu har da ƙananan 'ya'ya. Na kowa a garin ko taƙi bai kai ba. Nasa na gida ma, kunya ba ta barinsa ya nuna wa mutane.

"Halti, wannan fa? Yaya aka yi?"

Fuskarta ta washe. "Hannu ne, ɗana, da addu'a. A taga na rene su."

Ya dubi tagar. Katangar masallaci ta tare ta, ko da rana tsaka inuwa ce a wurin.

Nizar ya fito daga ciki yana goge hannu. Ya haura talatin, ya yi karatun lantarki ya dawo gida ya zauna, kamar rabin samarin garin nan.

"Kana taya Ammi Hattab aikin lambu?" Insifekta ya tambaye shi.

"Ni? A'a, ranka ya daɗe. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Rabona da lambunsa har na manta."

"To madalla."

Insifekta ya juya kamar zai tafi, sannan ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Halti, ki yi haƙuri fa, ni abin da na ji nake faɗa. Matan bakin famfo cewa suke sayo su kika yi a wurin masu renon shuka a gidan gilas, kika zo kina cika baki."

Kai! Da ma mari ya kwaɗa mata da ya fi sauƙi.

"Saye? Ni Mabruka? Wace mai baƙin cikin ce ta faɗa? Irin uwata ne, da hannuna na shanya shi! Shigo, shigo ka ga inda na rene su, ka je ka gaya musu!"

"Umma," in ji Nizar. "Umma, ki bari."

"Matsa min! Tsoron faɗanka ne ya sa na ce taga. To yau ka ji, na san inda kake ɓoye makullin. Duk sanyin nan, in ka fita sai in kai 'yan gwangwanayena ƙarƙashin fitilarka su ji ɗumi, kafin ka dawo na kwashe. Laifi ne?"

Tana faɗa tana hawa bene, Insifekta na bin ta yana dafa bango, Kofur Rida kuma ya tsaya daidai bayan Nizar.

Wani ɗan ɗaki ne a saman rufin. Ta zaro makulli daga ƙarƙashin tukunyar fure ta buɗe. Bangon ya sha sabuwar farar ƙasa. Ga wata doguwar fitila a rataye mai hasken da ke kashe ido, ga fanka na juyawa a ƙasa. A ƙarƙashin fitilar akwai bokitai, kowanne da shukarsa, ganyen saman a ƙone, gindin kuma da jar ƙasa manne.

"Ka gani? Nan ne," in ji ta tana haki. "Waɗannan nasa ne, wani gwajin iri yake yi wa..."

Ta dubi shukar. Ta dubi jar ƙasar. Ta leƙa ƙasa ta hango layin da ke lambun maƙwabcinta, da ramukan da ke tsakani. Ta zauna daɓas a bakin ƙofa.

Aka hawo da Nizar. Bai yi gardama ba, da alama shi ma ya gaji.

"Faɗi," in ji Insifekta.

"Umma ce ta ce za a shafe gidan da farar ƙasa, kamar kowace bazara, har da ɗakin nan. Ta riga ta kira mai shafe. Ban da inda zan kai su." Ya sunkuyar da kai. "Ni nake yi wa Ammi dashe da sassafe, kafin mutane su fito. Ya ba ni kuɗi in sayo irin kuɓewa in shuka masa, sai na dasa masa waɗannan a madadinta. Na ce kwana kaɗan ne, tunda ba ya gani. Da bangon ya bushe sai na fara dawo da su da ɗai-ɗai."

"Ba ka yi zaton zai lura ba."

"Ban san yana bi yana shafa su kullum ba. Har magana yake musu."

"Da safe kana kan katanga aka sa shi a mota?"

"Ina nan."

"Ka kuma yi shiru."

Uwar ce ta ɗago, muryarta ta dushe. "Shi ya yi maka huɗuba ranar da aka haife ka, Nizar. Ubanka yana asibiti, shi ya ɗauke ka."

Insifekta ya aiki direba ya ɗauko tsohon. Doka ta ce sai wani nasa ya tsaya masa kafin a sake shi, don haka dole aka buga wa Salwa waya, kuma dole aka gaya mata dalilin da ya sa uban nata bai san abin da yake ba wa ruwa ba. Ta ce tana hanya. Wannan ɗin ya tsaya wa Insifekta a rai, amma bai ga wata ƙofa ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da motar ta tsaya a ƙofar gida. Ammi Hattab ya sauko yana laluben ƙasa da sanda. An ce masa an wanke shi, ba a gaya masa wanda aka kama ba. Daidai nan Kofur Rida ya fito da Nizar zai sa shi a motar.

Tsohon ya karkata kai, ya saurari takun.

"Nizar? Kai ne?" Ya yi ƙasa da murya, wai don kada 'yan sanda su ji. "Kar ka damu, ɗana, ban ambaci sunanka ba. Ko da wasa ban ambata ba. Amma ka nuna min mai sayar da irin nan, sai na ci mutuncinsa."

Kofur Rida ya kau da kai.

Ammi Hattab ya miƙa hannu don su gaisa. Nizar ya rasa yadda zai yi, ya ɗago nasa duka biyun, don a haɗe suke. Yatsun tsohon suka sauka kan ankwa. Ya shafa ƙarfen, ya bi sarƙar har zuwa ɗaya hannun, ya dawo.

Ya daɗe a haka. Sannan ya saki a hankali.

"Insifekta," ya ce, "kama ni ka kai ni ciki. Yau ban san hanyar ba."

Insifekta Munsif ya riƙe masa hannu, suka doshi ƙofa. A bayansu aka rufe motar.