Gaɓa Biyar a Tafin Hedimasta

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji tsohon Hedimasta, yatsansa kan wata kalma a ƙamus. "Ranar da ƙannena za su taru, ka faɗi wannan ba tare da ka sarƙe ba, 'yata Auta taka ce. In ka sarƙe, ga mai karanta labarai a rediyo yana jira."

Kafinta, saurayin Auta, ya ce, "Na y-y-yarda, Baba."

Kowa ya san tarko ne. Da in'ina aka haifi yaron, Hausar ma da ƙyar take fita, balle kalmar Turanci irin inexorably. Tun ranar da ya zo gyaran ƙofa, Auta ta miƙo masa ruwa suka haɗa ido, tsohon ya ɗaure fuska bai sake ba.

Auta ta turo saƙo: "Gwanina, kar ka haɗiye ta ɗungurungum. Yanka ta kamar katako: in-ek-so-ra-bli. Ka fi danna ta biyun. Ma'anarta wai abin da ke tafe, ba mai tare shi."

Ya amsa: "Hasken idona, ma'anar ce ta fi ba ni tsoro."

A shago ya gano dabara: kowace gaɓa, bugu ɗaya. In hannu ya buga, sai harshe ya bi. Amma kullum motar ɗan rediyon na fake a ƙofar gidan, kuma wani ya tsegunta wa Hedimasta dabarar.

Ran taron, falo ya cika. Auta na bayan labule. Kafinta ya ɗora yatsu kan tebur, sai Hedimasta ya kamo hannun ya damƙe cikin nasa.

"Da baki muka yi da kai, ba da ƙwanƙwasa ba."

A waje aka ji an kashe injin mota.

Kafinta ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. Can sai babban yatsansa ya danna tafin tsohon. Ya sake dannawa. Kalmar ta fito gaɓa-gaɓa har ƙarshe.

Hedimasta ya daɗe yana kallon tafinsa. "Ka yi maguɗi, yaro."

"Da h-hannunka na yi, Baba."

Ƙanin Hedimasta ya murmusa. "Yaya, ai kai ka ara masa teburin."

Aka ɗaura aure, aka sa albarka, Allah ya bar su tare. Kafinta ya samu mata, Auta ta samu mijin da ba ya katse mata magana. Hedimasta ya faɗi a wasan da ya shirya da kansa. Ɗan rediyo kuwa, shi aka miƙa wa sanarwar bikin ya karanta, bai sarƙe ko sau ɗaya ba.