Ƙarfen Da Ya Fi Ƙofa Tsawo

Da hantsi aka kawo labari komisariyar Madawa, wato ofishin 'yan sanda: tarakta ta kife a gangaren dutse, a wani ƙauye wajen Buza, ta danne direbanta Rabo, ko shurawa bai yi ba. Shekara ce ta bayan babban fari, lokacin da kowane ƙauye ke jan duwatsu don tare ruwan damina.

Sufeto Isaka ya isa kafin azahar. Mutum ne mara son kuka a kunnensa, amma ƙarya ta fi kuka ɓata masa rai, kuma da ita aka tarbe shi.

Alhaji Maiguwa, shugaban ƙungiyar manoma mai taraktar, ya taho yana karkaɗe babbar riga.

"Yallaɓai Sufeto, abin kunya ne. Giya tak kashe shi. Ga kwalba, ni nac cire ta daga aljihu nai na ƙirji."

Isaka ya karɓa, ya buɗe zanen da aka rufe gawar. Ƙirjin ya lotse gaba ɗaya. Ya sake duban kwalbar: ko tsaga babu, ga tambarin turawa yana ƙyalli.

Ya zagaya taraktar. Akwai wani ƙarfe mai kauri da masu ƙera ta suka lanƙwasa bisa kujerar direba, don in ta kife ya tokare ƙasa, mutum ya tsira a ƙarƙashinsa. Wannan kuwa ya ɓalle ya faɗa gefe. Bai lanƙwashe ba. Ƙafafunsa biyu sun rabu daidai wuri ɗaya, sumul, kuma fentin wurin ya fi sauran ja.

"Wa ya taɓa wannan ƙarfe?"

"Hakanan yaz zo daga turai," in ji Alhaji.

A gidan mamacin, matarsa Cima na zaune bakin ɗaki, idonta a bushe. Tsakar gidan fayau, ba masu gaisuwa.

"Sun ƙi zuwa," ta ce. "Ana hwaɗin mashayi ne. Ɗiyana sun tai rijiya an kira su ɗiyan mai kwalba. Iyayen Rabo ba su yi salla ba, gaskiya ne, amma shi tun yana yaro yat tuba. Ko goro ba ya ci."

"Irin wannan kwalba fa, ina ake samunta a garin nan?"

"Mu? Sau guda munka gan ta. Ranar da anka tarbi manyan baƙi, ƙarƙashin ƙohwa."

Ƙofar ba ta da wuyar gani. An gina ta a mashigar gari, ba katanga dama, ba katanga hagu, sai farar ƙasa da sunan Alhaji Maiguwa da manyan baƙaƙe. Ko akuya ba ta tarewa. Isaka ya tsinko kara, ya gwada tsayinta, ya koma gangare ya gwada taraktar tun daga taya har inda ƙarfen ya kamata ya tsaya. Ƙarfen ya zarce ƙofar da kamu guda.

Mai walda ɗaya ne a yankin, Altine, da ɗan injinsa mai tari. Yana ganin Isaka cikin kaki ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Wallahi ban taɓa tarakta ba. Garma ni ka gyara, da kwanon ruhi."

"Jan fentin da ke gwangwanin can fa? Garma kake yi wa kwalliya?"

Altine ya juya ya kama goge injinsa.

"To tashi mu je. Mutum ya mutu, kai za ka ɗauka."

Nan take bakinsa ya buɗe. Ana gobe tarbar manyan baƙin aka gwada taraktar, don ita za ta ja gaba ta shigo ta ƙofa da tuta. Ƙarfen ya tokare.

"Nac ce a rage ƙohwa daga bisa. Alhaji yac ce nan suna nai yake, a yanke ƙarhe. Bayan buki nam mai da shi, amma ɗosawa kawai niy yi, injina ba ya iya irin wanga. Nac ce a kai birnin Tawa. Yac ce in shahwa henti."

"Rabo ya sani?"

"Kullum shina hwaɗin ƙarhen na rawa. Alhaji yac ce in bai so, masu son kujerar na da yawa."

Isaka ya tofar da yawu. Ya ga masu kisa da wuƙa, ya ga masu kisa don gona, amma wannan ya fi su duka muni a wurinsa.

Ya sami Alhaji a zaurensa, dattawa kewaye da shi, ana ta Allah wadai da giya. Ya dire kwalbar bisa tabarma, ya ajiye guntun ƙarfen kusa da ita, ya tura Altine gaba. Altine ya maimaita komai, kansa a ƙasa.

Alhaji ya fara da tsawa, ya koma kiran sunayen manyan da ya sani a Tawa. Da ya ga ba wanda ya motsa, sai murya ta yi laushi.

"Sufeto, ka gane. In anka ji an yanke ƙarhe, za a karɓe tarakta, a tuɓe ni. Shi kuwa ya riga ya mutu. Mi kwalba za ta rage mai?"

"Kwalbar nan, ragowar ta manyan baƙi ce?" in ji Isaka.

"Ita ce."

Aka sa masa ankwa. Ya roƙi a fitar da shi ta bayan gida. Isaka ya bi da shi ta tsakiyar gari, jama'a na biye, har ƙofar gidan Rabo. Cima ta fito, 'ya'yanta riƙe da zanenta.

"Gaya mata," in ji Isaka.

Alhaji ya motsa leɓe. "Rabo bai sha ba."

Cima ta dubi taron da ya ƙi zuwa mata gaisuwa, ta dube shi.

"Alhaji, ni na sani. Ɗaga murya, su ne ba su ji ba."