Ramin Ruwa a Cikin Yashi

Wai a wani gari can, an yi wata yarinya da ba ta yarda da kowa ba.

Ran nan ita da ƙanwarta suka shiga busasshen rafi ɗiban ruwa. Suka tona rami a yashi, suka tona, suka tona, har ruwa ya fara tsattsafowa. Sai ga wata baƙuwar tsohuwa a bakin gaɓa, ɗauke da tulu.

"'Yan nan, ku fito! An yi ruwa can kan duwatsu, yana tafe!"

Yarinyar ta dubi sama, rana tsaka, ko hadari babu.

"Iya, raminmu dai kike so," in ji ta. "Tona naki!"

"Yaya, ni fa tsoro nake ji," in ji ƙanwar.

"Yi shiru, ci gaba da kwarfa."

Tsohuwa ta kira, ta sake kira. Da ta ga sun ƙi, sai ta ɗaga tulunta ta maka da ƙasa, ya tarwatse.

"To ga shi! Da me zan ɗebi ruwan naku?"

Yarinyar ta zabura. Ta fizgi hannun ƙanwarta suka haye gaɓa a guje, ko ƙwarya ba su ɗauka ba. Suna cikin haki sai ga jan ruwa ya taho yana ruri, da itatuwa da mushen akuya, ya shafe ramin.

Yarinyar ta durƙusa gaban tsohuwa, ta kasa ɗaga ido.

"Iya, ina ne gidanku? Daga yau ni zan riƙa kawo miki ruwa."