Ɓawon Tuffa

Gyaran firij ya kawo shi ɗakin bincike. Nan ya ga wata budurwa mai bincike tana murɗa wayar ƙarfe gida huɗu, ta bar rami a tsakiya.

"Siffar wani furotin ce," ta ce. "A ramin nan yake ɗaukar maiƙo ya kai wa ɓawon tuffa, don kada ta bushe ko cuta ta shige ta. A ɗaure yake tamau, ko wuta ba ta kwance shi. Wasu jikinsu ba ya shiri da shi. Babana ma gonar tuffa gare shi."

Mai gyara ya gyaɗa kai. Yana cikin wasun, amma bakinsa ya yi nauyi.

Daga ranar nan, firij ɗin ya riƙa neman dubawa kullum.

Babanta wani dillalin tuffa yake so ya ba aurenta. Da ƙyar ya yarda ya ga mai gyara. Ta turo saƙo: "Injiniyana, gobe da la'asar. Duk abin da Baba ya miƙo, ka karɓa."

Dafaffiyar tuffa ya miƙo, har da ɓawonta. Mai gyara ya tuna wayar nan da ramin tsakiyarta. Ya dubi dattijon, ya kai cokali baki.

Kafin a kwashe kwano leɓɓansa sun kumbura, numfashi na sarƙewa. Dattijon ne ya goya shi zuwa mota, takalmi ƙafa ɗaya.

A asibiti da ta shigo, bango ya juya wa fuska.

"Ban ce maka wuta ba ta kwance shi ba?"

"Kin ce."

"To?"

"Babanki ne ya miƙo."

Ta zauna a bakin gado. "Ni na ce ka karɓa. Ban ma taɓa tambayarka ba, masoyi."

Dattijon yana bakin ƙofa, ɗaya takalmin a hannunsa.

"Wauta ka yi, yaro. Da ka mace a falona fa? Kada ka ƙara ɓoye mata komai." Ya ajiye takalmin. "Dillalin can kwando yake cinye mini da sunan ɗanɗano. Turo manyanka."

Ranar aure ango ya kasa ɗaga ido. Surukin ya dafa kansa.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ga 'yata. Gonar kuwa na san ba za ka taɓa ba."