Sunan da Bai Shiga Rahoto Ba

Ranar da ya fara ganinta tana tsaye bayan sikeli a rumfar ƙungiyar manoman tumatir, biro a hannu, tana gardama da wani dattijo da ya rantse kwandonsa ya fi haka nauyi. Shi kuma ya shigo da kwamfuta a jaka, da takalmi mai sheƙi wanda laka ta gama da shi tun daga bakin titi. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambayi dattijon ko shi ya gayyato musu ango.

Jami'arsu ce ta turo shi. Cibiyar nazarin bayanai ta haɗa gwiwa da wani kamfani za a gina ɗakin sanyi da masana'antar sarrafa tumatir, don kusan rabin abin da ake nomawa a yankin ruɓewa yake kafin ya ga kasuwa. Aikinsa shi ne ya tattara alƙaluma: kwando nawa, daga wace gona, a wane wata. Manoma suka sa masa Ɗan Jami'a, sunan kuwa ya bi shi. Ita Auta kowa ke kiranta, 'yar shugaban ƙungiyar ce, ta ƙarshe cikin bakwai.

Tun manoma na yi masa kallon mai leƙen asiri har suka saba, kuma Auta ce ta buɗe masa ƙofofin. Kullum da yamma sai ta turo masa saƙo.

"Ɗan Jami'a, yau kwando ɗari biyu da sha huɗu suka shigo, talatin sun lalace. Ka rubuta. Kuma don Allah ka sayi takalmin roba, ka daina ba ni kunya."

"Na rubuta, Autar mata. Takalmi sai kin raka ni, ban iya zaɓe ba. Sau ɗaya na taɓa zaɓa daidai, kuma tana bayan sikeli."

Wata huɗu ba su cika ba ya soma zuwa gidansu gaisuwa. Mama ta karɓe shi hannu bibbiyu, har tana ce masa ɗana, tana yi masa faɗan ramewa. Baba kuwa mutum ne mai nauyin baki, sai dai ya amsa gaisuwa ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Baban yana da wasu littattafai guda tara a cikin akwatin ƙarfe. Shekara ashirin da uku yana rubuta ranar da ruwa ya sauka, ranar da tsutsa ta bayyana, da abin da kowace gona ta bayar. Ko 'ya'yansa maza bai yarda su taɓa ba. Da Auta ta ga Ɗan Jami'a na kukan rashin bayanan shekarun baya, sai ta ɗauko masa su na kwana uku, da sanin Mama kawai. Sharaɗi biyu Auta ta gindaya: kafin a yi amfani da ko layi ɗaya, zai zo ya nemi izinin Baba da bakinsa, kuma sunan Baba zai fito. Ya yi alkawari.

Farfesan da ke shugabantar cibiyar ya ga hotunan shafukan, ya ce wannan zinariya ce. A kansu aka gina manhajar da ke hasashen lokacin girbi. Da aka kawo wa Ɗan Jami'a rahoton ya duba kafin a buga, ya ga an rubuta "bayanan da cibiya ta tattara daga manoman yankin." Ya karanta layin ya fi sau biyar. A makon ne ake zaɓen wanda za a tura ƙarin karatu waje, sunansa kuma na gaba. Ya ce wa ransa zai yi magana bayan an gama zaɓen. Izinin ma kullum gobe, gobe, har ranar taron ƙaddamarwa ta zo.

Baba na zaune a layi na uku cikin babban ɗakin taron jami'a lokacin da aka haska rubutun hannunsa a bango, babu suna. Aka tafa wa Farfesa. Dattijon ya zauna har aka tashi, sannan ya fita bai kula kowa ba. A ranar ya ce wa iyalinsa kada ya ƙara ganin ƙafar yaron nan a ƙofarsa, wanda ya ci amanar littafi ba za a ba shi amanar mutum ba.

Saƙon Auta ya zo washegari.

"Ni na ɗauko, ni na sha faɗan, ban damu ba. Abin da ya ƙona ni shi ne na tsaya gaban Baba na ce ba za ka taɓa yin haka ba."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Bayan sati biyu ya yi ta maza ya nufi garin, sai ya hango ta a gaban motar injiniyan da ke kafa injinan kamfanin, wanda kowa ya san ya daɗe yana sonta. Daga nan ya juya. Da ta turo masa, "Ina son mu yi magana, ka zo gida," sai ya ɗauka sallamarsa za a yi, bai amsa ba. Zaɓen ƙarin karatun ya faɗo kansa, ya hau jirgi da fushin da ba shi da haƙƙin yi.

Shekara biyu ya yi. Da ya dawo ya tarar aikin ya kankama: manyan motoci na layi a ƙofar masana'anta, matasa sun samu aiki, manoma na samun saƙon lokacin girbi a wayoyinsu. Kowa na yaba masa, shi kuwa abin na yi masa ɗaci a baki.

A harabar masana'antar ya haɗu da yayar Auta, wadda ke aiki a sashen tantancewa. Ita ta gaya masa Mama ta rasu wata takwas da suka wuce. Ranar da ya ga Auta a motar injiniya, asibiti suka nufa, Mama na kwance a kujerar baya. Saƙon nan kuma Mama ce ta sa a tura, tana son ta sasanta shi da Baba tun da sauran ƙarfinta. Injiniya ya nemi auren, Auta ta ba shi haƙuri, har ya auri wata.

Ya zauna a kan wani fankon kwando.

Washegari ya shiga ofishin Farfesa ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun shekara biyu. Abin da ya ƙara masa baƙin ciki shi ne Farfesan bai ko yi gardama ba, ya ce ai da an gaya masa tun farko da an sa. Cikin wata guda aka sake buga rahoton da sunan Baba a bangon farko, jami'a kuma ta rubuta masa takardar ban haƙuri.

Da kansa ya kai. Ya durƙusa a ƙofar falo, Baba ya juya takardar gaba da baya ya ajiye.

"Ba sunan ne ya dame ni ba, yaro. Da ka zo ka roƙa, da na ba ka duka taran, har na zauna na karanta maka inda rubutun ya goge. Ita mai ɗakin nan har ta koma ga Allah tana cewa za ka dawo."

"Na dawo a makare, Baba. Ku yafe mini."

Baba bai ce ya yafe ba a ranar. Sai da Ɗan Jami'a ya yi wata biyar yana zuwa duk ƙarshen mako, yana bin dattijon gona, kafin wata rana Baba ya ce ya turo manyansa.

Auta ma ba ta sauko da wuri ba. Da ta yarda suka zauna a tsakar gida, ta ce masa ta yafe, amma kada ya taɓa tambayarta yadda watannin jinyar suka kasance, don ba za ta iya ba shi labari ba tare da ta sake jin haushinsa ba. Ya ce ya ji, Autar mata. Ta kau da kai, amma ya ga gefen murmushinta.

Aka ɗaura aure ba tare da wani babban taro ba. Da za su tafi, Baba ya rako su har bakin mota, abin da bai yi wa sauran 'ya'yansa ba. Ya riƙe hannun Auta ya daɗe, sannan ya ɗora shi a kan na mijinta.

"Ga ta nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya ba ku tsawon ran da za ku rama shekarun da kuka zubar."

Suka amsa da amin. Motar ta tashi, Auta na waige tana share hawaye, har dattijon ya shige gida.